Dennis Ritchie: mutumin da ya raba manhaja da injin da ke ɗauke da ita

A watan Oktoba na shekarar 2011, duniyar kwamfuta ta yi rashi biyu cikin mako guda. Ranar 5 ga wata Steve Jobs na kamfanin Apple ya rasu, gidajen rediyo da talabijin suka yi ta ba da labarinsa. Ranar 12 ga wata kuma aka tarar da Dennis Ritchie ya cika a gidansa da ke Berkeley Heights, a jihar New Jersey ta Amurka, yana da shekara 70. Labarin rasuwarsa bai yi amo irin na Jobs ba. Amma duk mai riƙe da salular Android a Maraɗi ko Damagaram, da duk wanda ya saka Linux a kwamfutarsa, yana cin gajiyar aikin wannan bawan Allah, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Ritchie ranar 9 ga Satumba 1941 a Bronxville, jihar New York. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masanin kimiyya ne a Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T. Dennis ya karanta kimiyyar fiziks da lissafi a Jami'ar Harvard, kuma a 1967 ya bi sawun mahaifinsa zuwa Bell Labs. Ya rubuta kundin digirin dakta, amma bai karɓi digirin a hukumance ba. A wannan wuri ɗaya ya yi aiki shekara 40.

Sai mun duba yadda kwamfuta take a wancan zamani kafin mu gane girman abin da ya yi. Kowace kwamfuta tana buƙatar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da injin, ta adana fayiloli, ta kuma raba aiki tsakanin sauran manhajoji. A lokacin, galibi ana rubuta wannan babbar manhaja da harshen da inji iri ɗaya kaɗai ke fahimta. In ka sayi injin wani kamfani, ka ɗaure kanka da shi. Ranar da ka so canza inji, sai a sake rubuta aikin tun daga farko.

A 1969 Bell Labs ta janye daga wani babban shiri mai suna Multics, wanda take yi tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Abokin aikin Ritchie, Ken Thompson, ya sami wata ƙaramar kwamfuta ƙirar PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, ya soma rubuta mata sabuwar babbar manhaja mai sauƙi. Ita ce aka raɗa wa suna Unix, kuma Ritchie na cikin aikin tun farko. Daga wani harshen rubuta manhaja mai suna B, wanda Thompson ya ƙirƙira, Ritchie ya fitar da sabon harshe ya kira shi C. A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da C.

Nan ne al'amari ya juya. Abin da aka rubuta da C, mutum na iya karanta shi ya gane, kuma ana iya juya shi zuwa harshen inji daban-daban. Wajen 1978 Ritchie da Steve Johnson suka kwashe Unix zuwa wani inji dabam, Interdata 8/32, suka nuna cewa babbar manhaja na iya yin ƙaura. A shekarar ce kuma shi da Brian Kernighan suka wallafa ɗan littafinsu kan harshen C, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama.

Doka ma ta taimaka. Wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwar kwamfuta. Saboda haka ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, tare da rubutunta na asali. Ɗalibai suka karanta, suka gyara, suka ƙara. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da nata reshe mai suna BSD, wanda manhajojin Apple na yau suka gaji wani sashe nasa.

Daɗin bai ɗore ba. Bayan an raba AT&T a 1984, Unix ta zama hajar sayarwa, rubutunta na asali ya koma bayan lasisi mai tsada. Waɗanda suka saba da buɗa cikin manhaja ba su haƙura ba. Tun 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU, don gina makamanciyar Unix da kowa ke da ƴancin kwafa da gyarawa. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhaja don kwamfutarsa ta gida, wadda aka kira Linux. Bai kwafi rubutun Unix ba, amma tsarinta ya bi, kuma da harshen Ritchie ya rubuta.

A yau Linux ce zuciyar Android, kuma tun Nuwamban 2017 ita ke tafiyar da dukan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya. Ga mai kwamfutar gida kuwa, amfanin ya fi kusa. Tsohuwar kwamfutar da sabuwar Windows ta yi wa nauyi, sau da yawa tana iya ɗaukar Debian ko Linux Mint kyauta, ta ci gaba da aiki. Mai shago ko ƙungiya na iya saka mata Nextcloud, ta zama ma'ajiyar takardu da hotuna a cikin ofis, maimakon a damƙa su ga wani kamfani a ƙetare. Sai dai wanda ya ɗauki wannan hanya ya ɗauki nauyi: shi zai riƙa sabunta manhaja, ya yi ajiyar kwafi ta biyu, ya kuma tanadi wuta in an ɗauke lantarki.

Ritchie ya sami karramawa tun yana raye. Shi da Thompson sun karɓi kyautar Turing a 1983, shugaba Bill Clinton ya ba su lambar girma ta fasaha a 1999, sannan suka sami kyautar Japan a 2011. Ya yi ritaya a 2007. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kawaici da gudun fitowa gaba. Ƴan makonni bayan rasuwarsa, masu haɗa Fedora, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, suka sadaukar da fitowarta ta 16 gare shi.