MALAM AMINU KANO: MALAMIN MAKARANTA

Idan aka ambaci Malam Aminu Kano, Allah ya ji ƙansa, yawancin mutane siyasa ke fara zo musu a rai, wato NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa. Ni kuwa abin da nake so in rubuta a kansa shi ne aikinsa na malanta, domin wani yanki na wannan aiki a ƙasarmu ya yi shi, a Maru. Mu 'yan Mafara da Bakura da Maradun duk mun san Maru, don sai mun ratsa ta in za mu Gusau.

An haife shi a Kano ran 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne masanin shari'a, saboda haka da karatun allo ya buɗe ido. Ya yi Elementare ta Shahuci da Midil ta Kano, sa'an nan ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937. Da ya gama a 1942 sai aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya zauna tare da Malam Abubakar Tafawa Balewa da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan ya komo ya zama sakataren Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta.

Daga Bauchi ne aka ɗauke shi aka kawo shi Maru ya shugabanci makarantar horon malamai. A lokacin babu Jihar Zamfara, sai a 1996 aka yi ta. Duk ƙasar nan Lardin Sakkwato ce, kuma Maru ƙaramin gari ne nesa da jaridu da tarurruka. Ana cewa don a raba shi da 'yan boko masu sauraronsa aka nisanta shi haka. In kuwa dalilin ke nan, to, dabarar ba ta ci ba. Waɗanda aka ba shi ya horar su ne za su watsu cikin ƙauyuka su riƙe elementare, kowa da ajinsa cike da yara. A nan Maru kuma ya yi aiki tare da wani matashin malamin Larabci ɗan Gummi, wanda daga baya duniya ta san shi da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

Abin da ya fi damun Malam a wannan zama shi ne rabuwar makarantu gida biyu. Ga makarantar boko ta En'e, mai aji da benci da albashi, amma iyaye suna gudunta, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu idan dagaci ya zo neman yara. Ga kuma makarantar allo, wadda kowa ya yarda da ita, amma yaro kan shekara da shekaru yana biya karatu yana wanke allo bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, balle lissafi. Malam bai raina allo ba, tun da shi ma can ya fito. Ya ga dai ba dole ba ne a ce wa uba ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Tun yana Maru ya fara haɗa kan mutane don a gyara makarantun Alƙur'ani.

A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a zamanin nan 'yan Arewa masu takarda irin tasa ba su da yawa, kuma da ya yi shiru da ya hau manyan kujeru. A Kano, ban da shugabancin NEPU da ya karɓa a 1953, shi da abokansa suka buɗe makarantar Islamiyya. Tsarinta shi ne a raba yara aji-aji, a sa lokacin shiga da na tashi, a koyar da Alƙur'ani tare da Larabci da ma'ana, a ƙara da lissafi da rubutun boko. Aka kuma ɗauki 'yan mata, abin da ya tayar da ƙura ƙwarai. Jama'a ne da kansu ke tara kuɗi, su nemi ɗaki, su biya malami.

Malaminmu na tarihi ya taɓa gaya mana cewa a Amurka akwai makarantu masu kama da haka, waɗanda jama'a ke kafawa su gudanar, aka fara yi musu doka a Jihar Minesota a 1991. Amma su can gwamnati ke biyan kuɗin. Na Malam Aminu kuwa ko anini ba su samu daga hukuma ba. Maimakon haka, da yake masu mulki sun ɗauke su makarantun NEPU ne, sai 'yan banga suka riƙa far musu, da dama suka rufe. Yaran da ke ciki ba su san NEPU ba, ba su san NPC ba, su ne kuma suka rasa karatu.

Sauran tarihinsa sananne ne. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Ikko a 1959, ya yi Kwamishinan Sadarwa da na Lafiya zamanin Janar Gowon, ya tsaya takarar Shugaban Ƙasa a PRP a 1979. Duk da haka bai bar koyarwa ba, yana tafsiri da azumi, yana kuma matsa wa mutane su bar mata su yi karatu.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Makarantar da ya taɓa gani ana rufewa da sanda, yau da wuya ka sami unguwa a Mafara ko Bakura ko Maradun da babu irinta, mu da yawa ma ta nan muka biyo kafin mu zo nan. A Maru kuwa har yanzu ana horon malamai, a Kwalejin Ilmi ta Jihar Zamfara.