Abubakar Imam: Yana ɗan shekara 22 ya haifi Malam Zurƙe

Kwanan baya a wata majalisar mai shayi a Unguwar Kanawa na tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda, suna jiran wata marubuciya ta saki ci gaban labarinta a WhatsApp. Na tambaye su Ruwan Bagaja. Uku sun ce sun taɓa jin sunan a makaranta. Wanda ya rubuta shi kuwa, kowa ya ɗauka wani dattijo ne mai furfura.

Ba haka ba ne fa. Shekarunsa 22 lokacin da ya rubuta shi.

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin jihar Neja ta yau, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malamin Midil a garin. A 1933 wani Bature, Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Imam ya shiga. Yayansa Bello Kagara ma ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Ka ji irin mutanen da ya kara da su.

Shaihu Umar labarin bauta ne da rabuwa da uwa, Ganɗoki yaƙi ne da jarunta. Imam sai ya zaɓi dariya. Gwarzon littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, amma wallahi ba ruwan ne ke riƙe mai karatu ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, a rabu, a sake gamuwa gaba, wanda aka cuta ya rama. Kana gama babi kana son sanin wa zai sha kashi a na gaba.

Irin wannan ta taɓa faruwa a Ingila. A 1836 Charles Dickens, yana ɗan shekara 24, ya fara fitar da The Pickwick Papers kashi-kashi, duk wata. Farko kasuwa ta ƙi. Da ya shigo da wani bara mai shegen baki, Sam Weller, a fitowa ta huɗu, sai ciniki ya buɗe. Shi Imam littafi guda ya buga, ba kashi-kashi ba, amma ya san abin da Dickens ya sani: mutane na komawa ne don wanda ya ba su dariya.

East ya ga yaron ya iya, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936. Can ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda Aku ke tsare Musa ɗan Sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Da yawan labaran ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na Indiya da na Turai. Masu kwafo fim ɗin Indiya su canja suna kawai sukan fake da wannan, su ce ai Imam ma ya ara. Ya ara, gaskiya ne. Amma je ka karanta ka nuna mini inda ɗinkin ya fito. Fada tamu ce, alƙali namu ne, ɓarawon ma namu ne.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, har ya gana da Lugga ya faɗa masa halin da Arewa ke ciki. Daga baya ya yi aiki nan Kaduna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Ya rasu a Zariya a 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa. Ɗaya daga cikin samarin majalisar ya karɓi tsohon kwafina na Ruwan Bagaja, ya ce kwana biyu zai dawo da shi. Yau sati uku ke nan, an ce yana hannun mutum na huɗu.