Sarki Nagogo da Ƙwallon Dawaki

Mu a Dogon Daji sai ranar Salla muke kallon sukuwa, shi ya sa tarihin Alhaji Usman Nagogo ya ba ni sha'awa. An haife shi a 1905. Mahaifinsa, Sarki Muhammadu Dikko, shi ya kawo ƙwallon dawaki Katsina. Nagogo ya tashi bisa sirdi, ya gwanance ƙwarai, har sunansa ya kai Ingila. Da ya gaji mahaifinsa a 1944 bai ajiye sandar wasa ba, ya ma shugabanci ƙungiyar wasan ta Nijeriya. Ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa.

Baba yakan hana ni ƙwallo, wai aikin marasa aikin yi ne. Da na ba shi wannan labari, sai ya ce to ina dokina.