Malam Muhammadu Alkatsinawi, Masanin Hisabi

Daga cikin malaman da ƙasar Hausa ta haifa a ƙarni na 18, da wuya a sami wanda sunansa ya yi nisa wajen ilmin lissafi kamar Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, wanda Larabawa suke kira Alkashnawi, watau mutumin Katsina. Abin takaici shi ne, an fi saninsa a Masar da Turai bisa ga yadda aka san shi a makarantun gida.

Malam Muhammadu ya tashi a Katsina a lokacin da birnin yake cike da almajirai da fatake, bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ya yi karatu wajen malamai da dama, cikinsu har da Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi da Malam Muhammadu Bindu. Bayan ya ƙoshi da nahawu da manɗiƙi, sai ya dukufa ga ilmin hisabi da taurari da sirrin haruffa, fannonin da a wancan zamani ake karanta su tare.

Wajen shekarar 1730 ya sauke farali a Makka, ya ɗan zauna a ƙasar Hijaz, sa'an nan ya wuce Alƙahira. A wannan tsakani ne ya wallafa manyan littattafansa biyu. Na farko shi ne Bahjatul Afaƙ, na shekarar 1732, wanda ya yi bayanin haruffa da hatimai. Na biyu kuwa shi ne Addurrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Har ila yau yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus. A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, babban masanin falaki, wanda duk da girmansa ya zauna ya ɗauki ilmin hatimi daga bakin baƙonsa. A wannan gida ne Allah ya karɓi ransa a shekarar 1741, bayan ya yi wasiyya da littattafansa ga mai masaukinsa. Ɗan Shehu Hasan, watau Abdurrahman Aljabarti marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa a littafin Aja'ibul Asar.

Abin da ya ɗaukaka shi wajen masana lissafi shi ne bayaninsa a kan hatimi mai gidaje mara a kowane gefe, kamar 3 ko 5 ko 7. Hatimi murabba'i ne da ake jera lambobi a cikinsa, yadda jimlar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, za ta zo daidai. Alal misali, a hatimi mai gida 3 a gefe, layin farko 4, 9, 2 ne, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6, kuma ta ko'ina aka haɗa 15 za a samu. Malam ya tsara ƙa'idojin gina irin waɗannan, ciki har da ta ajiye lamba sa'an nan a tsallaka gida biyu gaba, ɗaya gefe, irin tafiyar doki a darar da Larabawa ke kira shaɗaranj. Ya kuma gargaɗi almajiri da kada ya karaya in hatimi ya ƙi fita, domin fannin na mai naci ne. A zamanin nan, Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a 1967, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta gabatar da shi ga duniya a 1973.

Wannan gado yana da amfani ga malamin lissafi na ƙaramar sakandare a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu, inda yara da yawa sun taɓa ganin hatimi a allon tsangaya. Yawan gidajen hatimi, watau 9 da 25 da 49, shi ne 3 sau 3, da 5 sau 5, da 7 sau 7, kuma daga nan ake shiga darasin ninka lamba da kanta. Jimlar layi kuwa tana fitowa in aka ninka lambar tsakiya da yawan gidajen gefe: 3 sau 5 ya ba da 15, 5 sau 13 ya ba da 65, 7 sau 25 ya ba da 175. Ke nan kowane gefe yana da jimla guda tak da ta dogara gare shi, wanda shi ne tushen darasin dangantakar lambobi. Daɗin daɗawa, in aka nemi yaro ya zana hatimi mai gida 10 daidai, zai ga abin ya faskara, domin lambar da za a ninka da kanta ta ba da 10 tana tsakanin 3 da 4, ba ta kuma rubutuwa a matsayin kason wata lamba bisa wata.

Da yawa daga cikin yaranmu suna gudun lissafi ne don sun ɗauka kayan Turawa ne. Rayuwar wannan malami ta nuna cewa tun kafin jihadin Shehu Usmanu, Bakatsine ya koyar da hisabi a birnin Azhar. Ya kamata masu tsara manhaja su sanya sunansa da hatimansa a gaban ɗalibai. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.