Fada Tiko: Baturen da ya haɗa 'yan ƙwallon Nijeriya, wani ya ɗauki kofi

A wannan fitowar mun ɗan kauce daga tarihin sarakuna da malamai, mun leƙa filin ƙwallo. Dalili kuwa shi ne gardamar da ba ta ƙarewa a rumfunanmu na kasuwar Kafanchan: wai shin da me ake auna mai horar da 'yan wasa, da kofin da ya ɗauko ko da mutanen da ya zaɓo? Tarihin Fada Tiko ya isa a yi wannan shari'a da shi.

Sunansa na yanka Tihomir Jelisavcic, an haife shi a 1929 a Yugoslabiya, ƙasar da yanzu ta wargaje. Sunan ya yi wa bakin 'yan Nijeriya nauyi, sai aka taƙaita. Mu nan da muke zaune da maƙwabta Kirista, da yawa sun ɗauka Fadan coci ne. Ko kusa. Yaransa ne suka ɗauke shi uba, sunan ya bi shi.

Kafin ya zo mana ya sha wuya a Ostireliya. Shi ya jagorance su a karon farko da suka nemi shiga gasar kofin duniya a 1965, Koriya ta Arewa ta lallasa su 6 da 1, ta ƙara musu 3 da 1. Wanda zai duba takarda kawai ba zai ɗauke shi aiki ba. Amma aka ba shi Green Eagles a 1974, shekara huɗu da gama yaƙin basasa.

To, a nan ne aikin yake. Tiko bai tsaya kan 'yan Ikko kaɗai ba. Ya tarar da Emmanuel Okala a raga, Christian Chukwu na Rangers ta Enugu ya zama ginshiƙin baya. A zamaninsa Muda Lawal, yaron Abekuta da ya fara da aikin kanikanci, ya kama tsakiyar fili. Segun Odegbami ya shigo a 1976, ga shi injiniya daga kwalejin kimiyya ta Badun, kuma tashin Jos ne. Adokiye Amiesimaka yana karatun lauya a jami'ar Ikko aka jawo shi. Daga nan kusa da mu akwai Baba Otu Mohammed na Mighty Jets, kulob ɗin da ya fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972, wanda yayyenmu ke hawa mota ko jirgin ƙasa su tafi Jos don su gani. Kanikanci da ɗan jami'a, Musulmi da Kirista, har da waɗanda jiya-jiya yaƙi ya raba, duk riga ɗaya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa yaran shago daga gida daban-daban ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A gasar kofin Afirka ta 1976 a Habasha suka doke Zayar, mai riƙe da kofin, 4 da 2, Baba Otu na cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Suka ƙare na uku, bayan Maroko da Gini. A shekarar nan sun sami gurbin wasannin Olamfik a Kanada, har sun isa can, sai gwamnati ta ce su dawo gida, domin ƙasashen Afirka sun ƙaurace saboda batun wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wannan ba laifin koci ba ne.

Ranar 12 ga Nuwamba 1977 kuwa ba a mantawa. Muna yara, an zagaye rediyo, ana neman zuwa kofin duniya na Ajantina. Sun riga sun ba Masar 4 da nema a Ikko. Tunisiya ta zo, sai Godwin Odiye ya sa kai ya jefa ƙwallo a ragarsu. Ɗaya da nema, shi ke nan. Manya suka watse ba mai ce wa wani uffan.

Masu sukar Tiko suna da hujja, kada mu ɓoye. A Gana a 1978 Yuganda ce ta fitar da su 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, na ukun ma da suka samu sai da 'yan Tunisiya suka yi fushi suka fice daga fili. Shekara huɗu, ba kofi. A shekarar ya bar aikin.

Sai aka kawo Otto Gloria, mutumin Burazil, wanda ya kai Fotugal matsayi na uku a duniya a 1966. Ranar 22 ga Maris 1980 Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Ikko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Chukwu kofin Afirka na farko. Ba ma raina Gloria, dabarar tura Muda gaba a ranar tasa ce. Amma a duba waɗanda suka ci: Odegbami biyu, Muda ɗaya. Chukwu kyaftin, Adokiye a gefe, har Odiyen da aka yi wa tofin Allah tsine yana cikin tawagar. A ganinmu dai Gloria ya shigo shago ne ya tarar da kaya a jere, ya san kuma yadda ake ciniki. Aka raba wa 'yan wasa gidaje a Festac da motoci.

Shi kuwa Tiko ya nufi Meziko, ya kama horar da wani kulob a garin Kankun. Can ya mutu a haɗarin mota a watan Yuni 1986.