Keir Hardie, Yaron Ramin Kwal Da Ya Ƙi Zama Ɗan Amshin Shata

Duk lokacin zaɓe mukan ji manyan jam'iyyu suna rantsuwa cewa su na talaka ne. Wannan ya sa muka ga ya kamata a wannan mako mu duba rayuwar wani mai bi daga Sikotilan, a ƙasar Birtaniya, wanda ya gaskata irin wannan alkawari shekara da shekaru kafin idonsa ya buɗe.

An haifi James Keir Hardie ran 15 ga Agusta, 1856, a lardin Lanarkshire. Uwarsa 'yar aikin gida ce, mijinta kuwa kafintan jirgin ruwa ne wanda aiki yakan yanke masa. Yaron bai sami zama a aji ba. Yana da shekara bakwai ya fara aikin aike a birnin Gilasgo. Shi kansa yakan ba da labarin yadda wani mai gidan burodi ya kore shi, ya kuma riƙe masa albashi, don ya makara a lokacin da ɗan'uwansa yake kwance rai a hannun Allah. Sai da aka bar shi tsaye maigidan ya gama addu'ar safe da iyalinsa, sa'an nan aka sallame shi. Yana da wajen shekara goma ya shiga ramin kwal, aikinsa shi ne ya zauna shi kaɗai cikin duhu awa goma yana buɗe wata ƙofa yana rufewa domin iska ta kai ga mahaƙa.

Iyayensa sun juya wa addini baya, amma shi da ya zama saurayi ya ba da gaskiya, ya shiga ikilisiya, ya zama mai wa'azi da mai yaƙi da shan giya. A nan ya koyi magana a gaban jama'a. Da mahaƙa suka sa shi a gaba a 1879, masu ramuka suka haɗa baki kada kowa ya sāke ba shi aiki.

A zamanin nan manyan jam'iyyu biyu ne, Kwanzabatib da Libaral. Ma'aikata sun ɗauki Libaral tasu ce, Hardie ma haka. Dokar 1884 ta ba mahaƙa da yawa ƙuri'a, abin da suke nema kuwa a fili yake, wato dokar da za ta tsai da aikin rami a awa takwas. Amma masu ramuka da masu masana'antu da yawa 'yan Libaral ne, kuɗin jam'iyya kuma daga aljihunsu yake fitowa. A 1888 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Mid Lanark, ƙasar mahaƙa. Hardie ya nemi Libaral ta tsai da shi, ta ƙi, ta kawo wani lauya baƙo. Ya tsaya da ƙafarsa, ya sami ƙuri'a 617, ya zo na ƙarshe. Daga ranar ya tabbata cewa jam'iyyar tana marmarin ƙuri'ar lebura, kujera ce ba ta so ta ba shi.

A 1892 ya ci mazaɓar West Ham ta Kudu a Landan, ya shiga majalisa da tufafin talaka, manya suka yi ta gunaguni. Ran 23 ga Yuni, 1894, wani ramin kwal ya fashe a Cilfynydd, ƙasar Wales, mutum 290 suka mutu. A ranar kuma aka haifi jariri a gidan sarauta. Majalisa ta shirya saƙon barka, Hardie ya roƙa a haɗa da ta'aziyya ga matan mamatan, gwamnatin Libaral ta ƙi. Ya tashi ya faɗi abin da ke ransa, aka yi masa ihu, a zaɓen 1895 kuma ya faɗi.

Akwai abin da ya kamata mu masu bi mu tsaya a kai. A 1899 Hardie ya tona asirin Lord Overtoun, jigo a Libaral, dattijon ikilisiya mai ba da kuɗi ga aikin mishan a Afirka, mai kuma faɗan a kiyaye ranar Lahadi. Ma'aikatan masana'antarsa ta sinadarai suna aikin awa goma sha biyu, har ran Lahadin, guba tana cin hancinsu. Fastoci da dama suka tashi kāre mai kuɗin. Mun karanta wannan da kunya, gama ba baƙon abu ba ne a gare mu.

A 1900 ya jawo ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa kwamitin da ya zama jam'iyyar Leba. A 1906 ta ci kujera 29, ya zama shugabanta na fari a majalisa. Gaskiya ita ce yawancin kujerun nan sun samu ne ta wata yarjejeniyar ɓoye da aka yi da Libaral a 1903. Amma da ma'aikata suka sami bakinsu a zauren, sai ga dokar kāre yajin aiki a 1906, ga fanshon tsofaffi da awa takwas na mahaƙa a 1908. Libaral ce ta zartar, amma a ganinmu tsoron rasa ƙuri'a ya taimaka mata ƙwarai.

Ƙarshensa ya zo da baƙin ciki. Ya ƙi yaƙin 1914, yawancin jam'iyyar da ya haifa suka bi gwamnati, mutanen mazaɓarsa suka hana shi magana a Aberdare. Ya rasu a Gilasgo ran 26 ga Satumba, 1915, yana da shekara 59.

Leba ta girma ta ture Libaral. Gwamnatinta ta 1945 ta mai da ramukan kwal na ƙasa a 1947, ta kawo magani kyauta a 1948. Ita ce kuma take mulkin Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, har da tamu, ran 18 ga Nuwamba, 1949, sa'ad da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a ramin kwal na Iva Valley a Inugu, suka kashe mahaƙa 21 masu neman haƙƙinsu.