Waliyiya Alisabatu, Gimbiyar da Ta Buɗe Rumbunan Sarki

A ran 17 ga watan Nuwamba na kowace shekara Ikkilisiya takan tuna da Waliyiya Alisabatu, 'yar sarki kuma matar sarki, wadda ta ƙare kwanakinta tana jinyar gajiyayyu.

An haife ta a shekara ta 1207. Mahaifinta shi ne Andarawus na 2, sarkin Hangari, mahaifiyarta kuwa Bajamushiya ce mai suna Gertrude. A zamanin nan sarakunan Turai sukan ƙulla zumunci da juna ta hanyar aurar da 'ya'yansu. Saboda haka tun tana shekara 4 aka ɗauke ta zuwa Turinjiya, wata ƙasar sarauta a tsakiyar Jamus, domin ta tashi a gidan da za ta yi aure. A 1213 aka kashe mahaifiyarta a Hangari, ita kuwa tana can baƙuwar ƙasa.

A 1221, tana shekara 14, aka ɗaura mata aure da Ludwig na 4, mai mulkin Turinjiya. Ko da yake manya ne suka shirya auren, Allah ya sa ƙauna ta gaskiya a tsakaninsu. Fadawa suka yi ta gunaguni cewa tana ɓarnatar da dukiyar gida wajen sadaka, amma mijinta ya tsaya mata. Har a wurin cin abinci takan ƙi duk abin da aka karɓo daga hannun talakawa da zalunci.

A 1226 yunwa ta auka wa ƙasar, Ludwig kuwa yana Italiya wurin babban sarki Frederick na 2. Alisabatu ta sa aka buɗe rumbunan hatsi aka raba wa mayunwata, ta kuma gina asibiti a gindin dutsen da fadar Wartburg take, tana sauka da kanta ta duba marasa lafiya.

Farin cikinta bai daɗe ba. A ran 11 ga Satumba, 1227, zazzaɓi ya kashe Ludwig a Otranto, can kudancin Italiya, yana kan hanyar yaƙi zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Ba a yi wata guda ba ta haifi 'ya mace, haihuwarta ta uku. Ga ta gwauruwa tana shekara 20, riƙon ƙasa kuma ya koma hannun ƙanin mijinta, Heinrich Raspe. Saɓani ya tashi a kan dukiyarta, ta bar fada cikin tsananin sanyi. Kawunta, Bishop na Bamberg, ya nemi ya sake aurar da ita, ta ƙi, domin ta riga ta yi wa'adi ga Ubangiji.

Da aka sasanta aka ba ta haƙƙinta, sai ta koma garin Marburg a 1228, ta gina asibiti da sunan Waliyi Faransis na Asisi. Nan ta sa tufafin talakawa, tana kaɗi, tana wanke majinyata da hannunta. Ta rasu a ran 17 ga Nuwamba, 1231, tana shekara 24. A 1235 Paparoma Gregory na 9 ya sanya ta cikin waliyyai.

Jama'ar Allah, wannan labari bai yi mana nisa ba. A yankin Batsari da Safana hare-haren 'yan bindiga sun bar gwauraye da marayu, sun raba iyalai da gonakinsu. Alisabatu ta ba da taimako sa'ad da take da rumbu, ta kuma ci gaba da bayarwa bayan ta rasa miji da fada. Wanda Allah ya ba dami, bari ya tuna da maƙwabcin da bai yi girbi ba. Dangin mamaci kuma su ji tsoron Allah, kada su hana gwauruwa da 'ya'yanta abin da yake nasu.

Waliyiya Alisabatu, ki yi addu'a dominmu. Amin.